Motar Da Ba Ta Barci

Gesse, Birnin Kebbi
Ran Lahadi

Zuwa ga yayata Baiwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lahiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar Inna, ta sassauta? Yaya dashen albasa? Ni nan lahiya lau, sai kewar gida, kewar Augie.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji huɗu na tsaya. Tunda wayata ta faɗa ruwa ran da ambaliya ta ci mana shinkafa ban sake yin wata ba, kuma ba ni son aron wayar mutane in yi zancen gida gabansu. Malami direban albasa ya ce in riƙa ba shi takarda, shi zai miƙa maki. Ki karanta ma Inna abin da ya dace da ita.

Yau sati uku da Kawu Tamba ya kawo ni gidan Hajiya Asiya. Gabana ya dafa ƙirji ya ce mata, wanga yaro ɗan ƙanwata ne, in ya ɗauki ko allura ni za ki kama. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, Allah shi sa. Aikina gadi da wankin mota.

Yaya, motar ce abin labari. Ba ta shan mai. Wallahi ko bututun hayaƙi ba ta da shi, na leƙa ƙarƙashi da kaina. Wuta ake ɗura mata kamar waya, ta wata igiya mai kauri da ke jikin bango. Ba ta da ƙara, sai dai ki ga ta sulalo kamar kwalekwale. Kullum ƙarhe shida da rabi direbanta, Oga Obed, shina ɗibar mutum shida shi kai su aiki Argungu, malaman makaranta da na asibiti, da yamma shi maido su. In ta dawo ni ke jona mata wuta, bayan isha'i in zare, don Hajiya ta ce wutar dare ba ta da amana, tana ƙona kaya.

Wanga da zan rubuta yanzu ke kaɗai, kada ki karanta ma Inna. Ran Laraba Oga Obed ya ja ni bayan tankin ruwa. Matarshi Joyce ta haihu, ba ya samun barci, kuma dole shi zo tun ƙarhe biyar shi buɗe mani mota in wanke ciki. Sai ya danƙa mani makulli na biyu. Ba irin makullin da kinka sani ba, ba shi da haƙora, kamar guntun baƙin sabulu yake. In shina jikinka ka ja ƙofa sai ta buɗe. Ya ce ƙanena, amana ce, Hajiya ta hana kowa riƙewa sai ni, kada ta sani, kuma kada shi rabu da jikinka, in ya ɓace babu irinshi duk Kebbi.

Kin san aljihuna duk a huje suke. Sai na tuna Baba, Allah jiƙanshi, yadda makullin rumbu ba ya barin wuyanshi ko wanka za shi. Na kai ma baduku cikin kasuwa ya ɗinke mani shi da jar fata kamar laya, na rataya tare da layar da Inna ta ba ni. Ɗakin gadi kuma can bakin get yake, nesa da rumfar mota, ga zahin kwano. Na ce wanda anka ba amana bai kwana nesa da ita. Na ɗauko tabarmata na dawo rumfa.

Tun ranar motar ta san ni. In na matso sai ta yi ƙit, madubanta su buɗe kamar kunnuwan jaki, 'yan hitilu su kama ƙasan ƙofa. Oga Obed ya ce makullin take ji. Ni dai a raina gaisuwa ce. Duk garin nan ita kaɗai ke fara gaishe ni. Sai dai in Hajiya na tsakar gida ba ni matsawa kusa, kada ta gani ta gane.

Abu guda ne bai yi daɗi ba. Jiya Asabar da sahe ta ƙi tashi. Oga Obed ya danna, ya danna, shiru, ko gilashinta na gaba bai kawo haske ba, alhali da idona na ga ta cika da wuta kahin in zare. Sai da anka jona mata batirin janareto ta farka. Ya ce ba komi, sabon abu ne. Allah shi sa hakanan.

Ki gaida Inna ƙwarai, ki ce mata ina cin abinci. Ki gaida yara.

Ƙanenki,
Aminullahi


Gesse
Ran Lahadi

Yaya Baiwa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lahiya. Yajin da kinka aiko ya iso, na gode, Allah shi bar zumunci. Na ji daɗi da kinka ce Inna ta taka har masallacin mata.

Ni kam jikina lahiya, hankalina ne ba lahiya ba. Cikin satin nan sau huɗu motar ta ƙi tashi. Ran Talata mutanen Argungu sunka tsaya bakin get har ƙarhe takwas, wata malamar asibiti tana ta faɗa, ta ce akwai masu jiranta kwance. Biyu cikinsu sun ce ba su ƙara shiga. Hajiya kuwa ta daina amsa gaisuwata da sunana.

An kira mai gyara. Na zaci namiji za ni gani, sai ga mace da wando da akwatin ƙarhe. Anti Roda sunanta, ɗiyar wani tsohon mai riwaya ce, wato mai gyaran wutar mota, Baba Simeon, ita ta gaji shagon. Ta ga na tsaya ina kallo kamar baƙauye, ta ce zo nan ƙanena, mi kake nomawa gida? Na ce shinkafa. Ta ce to ka san injin ban ruwa. Ko kogi ya cika ya batse, in ba ka zuba mashi ɗan ruwa a baki ba, shina ja? Na ce a'a. Ta ce to wagga mota batir biyu gare ta. Babban shi ne kogi, shina ƙarƙashi. Ƙaramin, ga shi nan gaba, shi ne ɗan ruwan bakin inji. In ƙaramin ya ƙare, babban ba shi da amfani. Yaya, duk bayanin da anka yi ta yi, wanga ne kaɗai ya shiga kaina.

Ta ce motar kamar mutum take, in an kulle ta tana ɗaukar kamar rabin awa ta yi barci. In ta yi barci ba ta shan ƙaramin batir sai ɗan kaɗan. In ya ƙare kahin sahe, to ko wani abu cikinta ya ƙi barci, ko wani na shan wutar.

An sa sabon batir. Kwana biyu shi ma ya mutu. Anti Roda ta tahi da motar shagonta, ta zare wasu 'yan ƙananan abubuwa masu launi da take ce ma fiyus, ɗaya bayan ɗaya, tana aunawa, ba ta ga komi ba. Motar ta kwana can, da sahe ta tashi garau. Ta dawo gidanmu ta kwana, ta mutu.

Nan ne magana ta juyo kaina. Hajiya na da ɗa mai karatu jami'a, Abdulmuhaimin. Gaban kowa ya ce Mama ba sai an wahala ba, masu gadi haka suke, in dare ya yi su tara wayoyin 'yan unguwa su jona a mota su karɓi na goro. Na ce wallahi ko waya ba ni da ita. Ya yi dariya ya ce ai mai sayar da ruwa ba lalle shi ji ƙishi ba, ɗan Augie. Anti Roda ta ce bari, in mota na kulle ba a jona komi. Sai ta juya ta ce, makulli nawa ne? Hajiya ta ce biyu, duk hannun Obed. Oga Obed ya ɗaga nashi, ya ce na biyun shina gida cikin akwati. Bai ko dube ni ba.

Yaya, na ji layar nan kamar garwashi a ƙirjina. In na ce ga shi, na ci amanar Oga Obed, ga shi da jariri. Kuma wa za shi yarda ban buɗe motar na jona waya ba? Makullin a wuyana, a ɓoye, a ɗinke. Ni kaina in wani ne sai in ce ɓarawo ne. Na bar layar cikin rigata.

Na ce ma raina, tunda ba ni ba ne, akwai mai yi, kuma sai na kama shi. Da can tabarmata na jikin bangon rumfa. Yanzu na jawo ta har gindin taya, na jingina bayana da ƙofar direba, sandata a hannu. Kwana uku ban runtsa ba sai gyangyaɗi. Ba wanda ya shigo, ko mage. Ita dai motar duk motsin da na yi sai ta yi ƙit, ta kunna 'yan hitilunta, kamar tana ce mani ita ma ido biyu take. Har tausayinta nake ji. Kuma abin mamaki, tunda na tsananta gadi abin ya ƙara lalacewa. Da tana tsallake kwana ɗaya, yanzu kullum ne.

Yau da sahe Hajiya ta kira ni falo, karo na farko da na shiga. Ta ce Aminu, ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma abincin gidan nan motar nan ce. In ka san wani abu ka faɗa tun muna mu biyu. Na ce ban ɗauki komi ba Hajiya. Gaskiya na faɗa, amma na hito ina jin kamar na yi ƙarya.

Ki sa ni addu'a. Kada ki gaya ma Inna, ƙafarta ta ishe ta.

Naki,
Aminullahi


Argungu, gidan Kawu Tamba
Ran Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum, ina fatan kun tashi lahiya. Kada ki tsorata da kinka ga Argungu a sama. Ko da yake ni a tsorace nike.

Ran Laraba Hajiya ta ce in tahi wurin Kawu in huta kwana uku. Ba hutu ba ne, gwaji ne, kowa ya sani. Abdulmuhaimin ya ce shi za shi yi gadin, daga tagar ɗakinshi. Na baro tabarmata da jakata a rumfa, don ban so a ga kamar na gudu.

Yaya, ta tashi. Alhamis ta tashi, yau Juma'a ta tashi. Ɗazu Hajiya ta kira Kawu a waya, ina zaune ina ji. Ta ce tun da yaronka ya bar gidan ko tari motar ba ta yi ba. Ta ce gobe Asabar ku zo tare shi kwashi kayanshi, ba ta son hayaniya, ba za ta kai shi ko'ina ba saboda mutuncinka.

Kawu ya aje wayar. Kin san shi da raha, amma yau komar kamun kihin da yake gyara ya yi ta juyawa bai ɗaura ko zare ɗaya ba. Can ya ce Aminu, shekara ashirin ina kai ma gidan Hajiya kihi, ba a taɓa sake auna abin da na auna ba. Gaya mani gaskiya, ni da kai. Na ce Kawu a kawo Alƙur'ani in dafa, ban sha wutar motar nan ba, ban ba kowa ya sha ba. Ya ce to mi ya sa in kana nan ta mutu, in ba ka nan ta rayu? Na ce ban sani ba. Wallahi Yaya ban sani ba. Har na fara tunanin ko wani abu ne jikina, irin wanda ake cewa wasu na da shi ba su sani ba. Kin tuna akuyar da anka ba ni kiwo ina ƙarami, ta rame ta mutu? Jiya ita na yi ta tunawa.

Ba korar ce ke cin raina ba. Aiki ana samun wani. Sunan ne. Malami ya san kowa daga nan har Augie, matar Kawu ta riga ta ji, gobe jibi za a ce ɗan Malam Ummaru an kore shi Birnin Kebbi kan sata. Baba ya mutu bai bar mana gona mai yawa ba, amma ko'ina ka ce ɗanshi ne kai sai a shimhiɗa maka tabarma. Ni ne zan ɓata wannan cikin wata guda?

Na so in maida ma Oga Obed makullinshi, ko banza in rabu da shi. Sau biyu na je inda yake aje motar kusa da tasha. Duk biyun Abdulmuhaimin na zaune gaba, ashe yanzu shina bin motar. Ban matsa ba, don kada ta gaishe ni. Oga Obed ya hango ni daga nesa, ya ɗan girgiza kai, ya juya baya. Na tsaya bakin kogi da yamma, na kama layar, na ce in jefa ta kowa shi huta. Hannuna ya ƙi. Ba nawa ba ne.

Kawu ya ce Anti Roda ta roƙi Hajiya gobe a bar ta ta yi awo na ƙarshe cikin gidan, don ita ba ta yarda da zancen waya ba. Ta ce wayoyi ashirin ba su kashe sabon batir dare guda. Ban san ko wannan zai taimake ni ba.

In kin ji wata magana kahin takardata ta iso, ki riƙe Inna. Ki ce mata ɗanta bai yi sata ba.

Ƙanenki,
Aminullahi


Gesse, Birnin Kebbi
Ran Talata

Zuwa ga Yaya Baiwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da maigidanki da yara. Yaya kwanan zullumi? Ki zauna ki karanta wagga a hankali, doguwa ce, kuma duk ki karanta ma Inna, har da abin da na ɓoye.

Ran Asabar munka iso ni da Kawu bayan azahar. Motar na cikin rumfa, gabanta a buɗe. Anti Roda ta maƙala wata mita mai baki kamar hannun ƙaguwa jikin wayar ƙaramin batir. Hajiya na kan kujera bakin baranda, Abdulmuhaimin tsaye bayanta, Oga Obed ya jingina da tanki. Munka yi sallama, anka amsa ciki ciki. Anti Roda ta ce kowa shi tsaya inda yake, ta kulle motar, ta karɓi makullin Oga Obed ta ba Abdulmuhaimin ya kai can ƙuryar ɗakin Hajiya. Ta ce yanzu a jira ta yi barci.

Ni da Kawu muna bakin get cikin rana. Anti Roda tana kiran lambar mita. Shida. Can ta ce huɗu. Can biyu. Kusan rabin awa sannan ta ce ta sauka, saura ɗan ɗigo, ta yi barci. Ta share zuhwa ta ce Hajiya, motar nan lahiyarta lau, gidan nan ma lahiyarshi lau, ni kam na rasa. Abdulmuhaimin ya ce ai mun gaya maki Anti, ciwon ga shi can tsaye bakin get.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce shi ke nan. Aminu, je ka ɗauki kayanka.

Yaya, kayana na cikin rumfa, bayan motar. Babu hanyar da za ni bi sai ta gehenta. Kuma na san abin da za ta yi in na matso. Makullin Oga Obed na ƙuryar ɗaki, kowa ya gani. Na dubi Oga Obed, shina kallon ƙasa. Na ce Kawu ko za ka ɗauko mani? Kawu ya ce da ƙafarka ka shigo gidan nan, da ƙafarka za ka ɗauki kayanka, ɗaga kanka.

Na taka. Ban taɓa jin tsakar gida ta yi tsawo haka ba. Ina tahiya ina roƙonta a zuci, don Allah yau kada ki san ni. Saura taku uku sai ta yi ƙit. Madubai sunka buɗe, hitilu sunka kama.

Anti Roda ta yi tsalle ta ce bakwai! Ta tashi! Abdulmuhaimin ya ja baya har ya ture kujera, ya ce Mama wallahi yaron nan ba haka ya bar kanshi ba, dubi abin da ke wuyanshi. Kawu ya yi salati. Anti Roda ta ce ku yi mani shiru. Ta ce ƙanena, koma get. Na koma. Madubai sunka naɗe. Ta ce dawo. Na dawo. Ƙit. Ta dube ni ta ce akwai makulli jikinka. Ba tambaya ta yi ba.

Abdulmuhaimin ya zazzage aljihuna, ba komi sai asawaki. Anti Roda ta nuna wuyana ta ce layun nan fa? Na ce ɗaya ta Inna ce. Ta ce ɗayar? Kawu na bayana, ina jin numfashinshi. Na ce ɗayar amana ce, ba ni da ikon buɗe ta sai mai ita ya ce. Hajiya ta ce wane ne mai ita? Na damƙe layar. Ta sake tambaya. Na ce Hajiya ki kore ni, amma ba daga bakina ba. Hawaye na zuba, ban ko share ba.

Sai na ji muryar Oga Obed, ƙasa ƙasa, ya ce cire mata, Aminu. Hajiya, ni na ba shi. Ni na ce kada shi faɗa. Ya zaro reza daga aljihu ya farke ɗinkin da hannunshi, ga baƙin makulli ya faɗo tahin hannun Anti Roda.

Abdulmuhaimin ya ce to ai magana ta hito, da shi yake buɗewa shi jona wayoyi. Anti Roda ta ce kai ɗan boko, ɗan dakata. Ta ce ƙanena, ina kake kwana? Na nuna gindin taya. Ta ce nan? Da wanga abu a wuyanka? Na ce awo, da shi a wuyana. Ta ce tun yaushe? Na ce tun ran da anka ba ni, da can jikin bango, da abin ya yi tsanani na matso don in kama ɓarawon. Yaya, sai matar nan ta zauna daɓas kan akwatinta ta riƙe kai tana dariya har da hawaye. Ta ce Hajiya, sati biyu ina neman abin da ke hana motar nan barci, ashe mai gadinta ne ke tashinta. Duk juyin da ya yi tana zaton direba ne ya zo za a tahi, ta kunna komi ta shirya, ta jira, ta fara gyangyaɗi, shi sake juyawa. Har asuba. Wane batir za shi ɗauki wannan? Ta ce kuma da Obed ya gaya mani gaskiya ran da na tambaya, da tun ranar an gama.

Sai a lokacin na gane. Ni ne. Ba sata, ba maita, amma ni ne. Duk dararen da na hana idona barci don in tsare ta, ni ke kashe ta. Na durƙusa gaban Hajiya na ce ki yahe mani, ban sani ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce a gwada tukuna, ta gaji da zato. Anti Roda ta sa anka kawo gwangwanin madara wanda ba komi ciki, ta jefa makullin ta danne murhin, ta ba ni ta ce matsa. Na matsa har na dafa ƙofar. Shiru, motar ba ta san ni ba. Anti Roda ta ce ƙarhe na toshe mata ji. Ta ce yau ka kwana inda ka saba, gwangwanin na ɗakin gadi, mu gani. Kawu ya ce shi ma nan za shi kwana, ba ya komawa Argungu da rabin magana.

Lahadi da asuba duk munka taru, har Hajiya da carbinta. Oga Obed ya shiga, ya danna. Gilashin ya kawo haske. Kawu ya ce Allahu akbar da ƙarhi har kajin maƙwabta sunka watse. Litinin ta tashi. Yau ma ta tashi, mutanen Argungu sun tahi kan lokaci.

Oga Obed ya sha faɗa, na ji daga waje, amma ba a kore shi ba, Hajiya ta ce albarkacin jaririn. Jiya ya kawo mani shinkafa da miya daga gidanshi, ya tsaya shina sosa ƙeya, ya ce ƙanena, na bar ka cikin rana. Na ce ya wuce. Bai gama wucewa ba a raina, amma za shi wuce. Abdulmuhaimin bai ba ni haƙuri ba, sai dai ya daina ce mani ɗan Augie.

Kahin Kawu shi tahi, Hajiya ta kira mu. Ta ɗauko gwangwanin da hannunta ta miƙa mani gabanshi. Ta ce Malam Tamba, yaronka ya kusa kashe mani mota, kuma ya ƙi gaya mani gaskiya a falona, wannan kada shi sake. Amma wanda ya yarda a kore shi bai tona wanda ya ba shi amana ba, shi nike so shi riƙe mani makulli. Kawu ya gyara hularshi. Ki gaya ma Inna sunan Baba na nan yadda ya bar shi.

Yanzu ɗakin gadi nike kwana, da zahinshi da komi, gwangwanin na bisa taga. In na zagaya rumfa da dare motar ba ta ce mani komi, tana barcinta, ni ma ina taka ƙasa a hankali ko da yake Anti Roda ta ce ba ta jin taku. Ba na ɓoye maki, ina kewar ƙit ɗin nan. Amma in na idar da sallar asuba na ɗauki bokiti, sai in tsaya gabanta in buɗe gwangwanin. Sai ta buɗe kunnuwa. In ce mata ina kwana, kin tashi lahiya?

Ki gaida kowa da kowa. Jar fatar da anka farke na sa cikin takardar nan, ki ba Inna ta aje mani.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Aminullahi Ummaru